Na Toshe wa Bangon Rahila Hanci

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar matata Rahila, kuma sai bana na iya zama na rubuta wani abu a kanta. Duk shekara nakan ɗauki biro in ajiye, domin abin da aka saba faɗa a kan matan da suka rasu, wai masu haƙuri ne masu sanyin hali, bai dace da ita ba. Rahila mafaɗaciya ce, mai dariya da ƙarfi, kuma ƙasan faratanta ba ya rabuwa da jar ƙasa. Bana na sami abin faɗa saboda saura ƙiris in rushe mata gida da hannuna, kuma da sunan ƙauna.

Mun daɗe muna haya a unguwar Yelwa da ke Jalingo, cikin ɗakin bulo mai rufin kwano, wanda idan watan Maris ya kama sai ka ji kamar an kife ka da tukunya. Ni ma'aikacin ofis ne, burina bai wuce in yi ritaya in gina irin wannan ɗakin, nawa na kaina, in shafa masa fenti ba. Ita kuwa sai ta haɗa kai da wasu iyalai biyar, Kirista da Musulmi, aka sami fili a bayan gari ta hanyar Sunkani, aka yi alkawari. Gini da ƙasa za a yi. Ba a ƙona karan dawa, sai a shimfiɗa shi a gona. Ruwan wanka ya gangara gindin ayaba da gwanda. Bayan gida kuwa ba a zuba masa ruwa, sai toka; rami biyu ne, idan ɗaya ya cika a rufe shi ya shekara, a buɗe a tarar da taki baƙi ƙirin, ba wari. Mutanen gari suka laƙaba mana Unguwar Toka. Abokan aikina kan tambaye ni ko mai kawo mini ziyara sai ya zo da tokarsa a aljihu. Nakan yi dariya tare da su, amma kunya tana cina, kuma Rahila ta sani.

Abin da ta fi ji da shi shi ne yaɓe. Duk shekara kafin ruwan farko, matan gidajen shida sukan bi gida gida suna sabunta wa bango fata. Ita da maƙwabciyarmu Inna Dija, Bafulatana mai ƙarancin magana, su ne shugabannin aikin. A haɗa jar ƙasa da kashin shanu da ƙaiƙayin shinkafa, a kwaɓa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, a bar shi ya kwana uku, sannan a shafa da tafin hannu. Ni aikina a ranar shi ne zama a gindin mangwaro da rediyo, cikin farar riga. Wata shekara na ce mata, me zai hana mu shafe shi da siminti sau ɗaya kowa ya huta?

"Baban Godiya," in ji ta, "bango yana numfashi kaman kai. Ka toshe mashi hanci, zai mutu."

Na ce ni dai ban taɓa jin bango yana minshari ba. Amsar da na samu ita ce curin laka a ƙirji, kuma har aka yar da rigar nan makuba ba ta fita ba.

Ciwon da ya ɗauke ta bai yi wata guda ba. Ta rasu da kaka, dawar da ta shuka tana tsaye ba a yanke ba. Da rani ya zagayo na ji mata sun fara daka ɓawon ɗorawa, sai na san ba zan iya zama a gindin mangwaro in kalle su suna shafa bangonta ba ita ba. Ban gaya wa kaina haka ba a lokacin. Ce wa kaina na yi ta wahala da gidan nan, ya kamata in mayar da shi abin da zai daɗe. 'Yarmu Godiya, da ke aiki a Abuja, ta goyi bayana. Na kira magini ya shafe gidan da siminti ciki da waje, na sa aka yi masa shuɗin fenti, kalar zanen da ta fi so. Inna Dija ta tsaya a bakin danga tana kallo.

"Useni, Baban Godiya, kar ka yi," ta ce; useni shi ne don Allah da Fillanci. "Maman Godiya ba ya son wannan."

Na ce mata gidana ne. Ta juya ta koma gidanta. Tun daga ranar gaisuwarmu ta koma ta saman danga.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Rahila za ta ce da ta leƙo yau. Jalingo ta cim mana. Inda muke jin kukan shanu yanzu ƙarar janareto ce, gidaje biyu cikin shida sun sayar sun tashi. Amma kuma takin zamani ya fi ƙarfin talaka, sai ga waɗanda suka sa mana suna suna sallama da buhu a hannu, wai ko an buɗe rami. Ɗalibai kan zo da waya suna ɗaukar bayan gidanmu hoto, suna kiransa da dogon sunan Turanci. Na san da ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta miƙa wa kowannensu bokitin toka. Wannan dariyar nake kewa. Ina kewar faɗanta ma. Gida ya yi shiru tun da babu mai gaya mini na yi wauta, kuma ashe ina ta yin ta.

Shekaru huɗun farko bangon ya yi kyau, har ina nuna wa baƙi. Daga nan ɗakin ya fara warin danshi, sanyin da muka saba samu da tsakar rana ya gudu. Fenti ya kumbura. Idan na ƙwanƙwasa sai in ji kamar ƙwarya ce a kife. A watan Afrilun bana wani fallen siminti ya ɓalle ta gabas, sai ga ƙasar ciki jiƙe sharkaf, gara ta yi hanyoyi. Danshin da ke tasowa daga ƙasa ya shekara shida yana neman hanyar fita bai samu ba. Godiya ta ce a waya, "Baba, a rushe kawai a yi na bulo kafin ya faɗo maka." Maginin ma haka ya ce. Ni kuwa na san idan aka rushe gidan nan, babu sauran inda zan zauna in ce nan Rahila ta taɓa.

Na cire girman kai na zagaya ta ƙofa, na yi wa Inna Dija sallama. Ta bar ni na gama doguwar gaisuwata tas, sannan ta ɗauki mayafi. Ta danna babban yatsa a bangon, ta sunsuna.

"Ka sa mashi leda shekara shida," ta ce. "Bai mutu ba. Amma in ruwa ya same shi haka, ya tafi."

Muka shiga ɓamɓare siminti, hadari kuwa ya fara leƙowa ta bayan duwatsu. Ta yamma, ƙarƙashin inuwar rufi, wani babban falle ya fita salin alin, bai ɗauko ƙasa ba. Yaɓenta na ƙarshe yana nan yadda ta bar shi. Rahila bahaguwa ce, saboda haka shafarta takan karkata saɓanin ta sauran mata, ko daga nesa ana ganewa. Ga sawun yatsu huɗu, layi bayan layi, har da inda ta tsaya ta danna tafi don ta huta. Na sa yatsuna a ciki, sun yi wa sawun girma. Na yi kuka da rana tsaka a gaban matan unguwa, ban ji kunyar kowa ba.

Bango sai da ya sha iska kwana biyar kafin a yaɓe shi, kuma kwana biyar ɗin a wurin na yi su. Ranar yaɓe na roƙi Inna Dija a bar mini wannan gefen, ko faɗin tabarmar salla ne. Ta girgiza kai.

"Ruwa bai san hannun kowa ba. Inda ka bari, nan zai shiga. Ita ma kowane shekara yana rufe nashi da kanshi."

Ba ta matsa mini ba. Matan suka shafe ko'ina suka bar wurin, suka koma gindin mangwaro suka zauna, inda nake zama a da. Na daɗe a tsaye. Sannan na tuɓe riga, na cusa hannu cikin kwaɓin, abin da ban taɓa yi ba tana raye. Yana da sanyi, yana da wari, kuma ya fi yadda nake zato nauyi. Na ɗebo na shafa a kan yatsunta, layi bayan layi, har na daina ganinsu.

Damina ta zo ta wuce, gidan yana tsaye, sanyinsa ya dawo. Idan aka tambaye ni me ya rage na Rahila, zan iya nuna ayaba, da ramin taki, da matan da har yanzu suke daka ɓawon ɗorawa. Amma ni abin da nake dubawa kowace safiya shi ne gefen nan na yamma, inda shafar ta fi ta ko'ina muni, duk ƙulu-ƙulu, aikin ɗan koyo mai furfura. Inna Dija ta ce baɗi zan gyara. Hannun Rahila yana ciki, nawa yana waje yana tare mata ruwa.