Sunan da Uwani Ba Ta Taɓa Ji Ba

Ranar wata Laraba ce bayan an gama cirar gyaɗa, a shekarar da aka sa ni lekol, wato makarantar boko. Ina zaune a gindin rumbu ina tsinke gyaɗa daga harawa, ƙanwata Uwani na goye a bayana tana jan kitsona, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. A ƙauyenmu na wajen Droum mota ba ta zuwa banza, don haka kafin a kashe ta yara sun cika zaure. Ya Hajja ce ta fito, doguwar Babarbariya daga Birnin Zinder, lafayarta sai ƙamshin turaren wuta. Mijinta aminin Baba ne, ma'aikaci, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Baba ya ce in kwance goyon. Ni wawuya na ɗauka wasa za ta yi mata, na kwance ina washe baki. Sai da na ga an miƙa ƙullin kayan Uwani ta tagar mota na gane an ba da ita riƙo, na zube ƙasa ina birgima. Inna ko leƙowa ba ta yi ba, tana ɗaki tana gyaran gadon da babu abin da ya same shi.

Shekarar Uwani biyu da 'yan watanni, kuma ni na yi rainonta tun da aka yi arba'in. Da ita a baya nake zuwa rijiya, da ita nake kai wa Baba fura gona, da ita nake hawa jigawa ina kaɗa gwangwani don korar tsuntsaye daga gero. In muna carafke sai ta kwashe mini duwatsu ta cusa a baki. Ko lekol ɗin ma, rumfar zana ce, na taɓa shiga da ita, mushe, malaminmu, ya ce ko in ajiye ta ko mu fita mu biyu, muka fita mu biyu. Bayan tafiyarta na yi wata guda ina ɗaura zane a ƙirji ba komai a ciki, ƙawayena na yi mini waƙar uwar iska. Da na dami Inna da tambayar yaushe za a dawo da ita, ta ce, “Ɗa na kowa ne,” ta haɗa mini da rankwashi. A wurinmu wanda ya ba da riƙo ba ya bin sawu, kada a ce bai yarda da amanar da ya bayar ba.

Uwani ba sunanta na yanka ba ne. Sunan mahaifiyar Baba aka mayar mata, tsohuwar da ta rasu ban yi wayo ba. Baba ba zai kira sunan uwarsa ba, Inna kuwa ina za ta iya da sunan surukarta? Shi ya sa tun ranar suna ba wanda ya sake furta shi a gidan. Bayan shekara Baba ya je Zinder sayar da gyaɗa ya dawo da labari. Ya ce yarinya ta yi ɓul-ɓul, tana Barbarci kamar a can aka haife ta, kuma sun juya Uwani zuwa harshensu suna ce mata Yagana. Ya ce da ya miƙa hannu ɓuya ta yi a bayan Ya Hajja, ya faɗa yana dariya. Inna na bayan dangar kara tana tankaɗe, na ga rariyar ta tsaya a hannunta.

Damina uku ta wuce kafin ya sake komawa, ya tarar da wasu mutane a gidan. An yi wa mijin Ya Hajja canjin wurin aiki zuwa gabas. Wani ya ce Gouré, wani ya ce Diffa, wani ya ce sun ƙetara Najeriya. Baba ya ce, “Mutanen kirki ne, za su neme mu.” Har ya koma ga Allah bai daina faɗin haka ba. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mu ne masu cewa zumunta a ƙafa take, kuma mu ne kunya ta ɗaure wa ƙafa.

Yanzu ina aure a Zinder, da jikokina. Inna ta tsufa, ido ya tafi. Bara ina yi mata tausar ƙafa, ba gaira ba dalili ta ce, “Ko yarinyar nan tana da rai?” Shekara arba'in da ɗoriya, ranar ta fara tambaya. Na bi Birni lungu-lungu. Tsofaffin Barebari suka karɓe ni da shayi da mutunci, amma wata ta ce mini, “'Yata, a wurinmu ki kira Yagana a bakin rijiya, mata goma za su waiwayo.” Na je meri, ofishin magajin gari, ma'aikacin ya ce in an yi mata takardar haihuwa, da sunan mariƙinta aka yi. Ya ce, ya sunansa? Na ce ban sani ba. Alhaji kawai muka san shi.

Aka ba ni shawara in kai sanarwa gidan rediyo, amma sai da sunan yanka. Na koma ƙauye na tambayi tsofaffin da suka rage, wannan ta ce Rabi, waccan ta rantse Rakiya ce. Dole na durƙusa gaban Inna na ce, “Inna, ki yi mini gafara, sai kin faɗa.” Can ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce “Rakiya” a hankali, kamar mai tsoron kada tsohuwar ta ji daga kabari. Sannan ta fashe da kukan da ban taɓa jin ta yi ba.

Kwana uku ana karanta sanarwar: ana cigiyar Rakiya daga wani ƙauyen Droum. Inna ta kwana uku da rediyo a kunne. A rana ta ukun ne, ina jin mai sanarwa yana maimaitawa, wani tunani ya faɗo mini. Wa ya taɓa kiran ta Rakiya? Ko tana zaune kusa da rediyo a wannan lokacin tana tsefe wa jikarta kai, cigiyar wata za ta ɗauka ake yi.

A da ba waya, amma mun san ƙofar gidan da take, tafiyar wuni ɗaya, ni da Inna ba mu je ba. Yau kowane yaro da salula a hannu, ni kuma ba ni da lambar da zan buga. Duk ranar da na je ƙauye, kafin in cire takalmi Inna ke cewa, “An kira?” Ban gaya mata abin da na gano ba, kuma ba zan gaya mata ba. Cewa nake, tukuna dai, Inna.