Tukunyar Yaya Sale da Ƙofar Zaure

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayana Sale. Har yau in na bi ta layin masu walda a Haɗejiya na ji ƙarar guduma, sai zuciyata ta karye.

Manaja ne a wata masaƙa a Kano, ga gida ga mota. Rana tsaka ya ajiye aikin, ya koma wata cibiya ta jami'a mai tallafa wa ƙananan masu sana'a. Dangi muka ce ya samu taɓi, ni ce ma kan gaba wajen faɗa.

Matan garinmu masu turara shinkafar fadama ya sa a gaba. Hayaƙi ya ci musu ido, masu manyan injuna kuma na neman ƙwace cinikin. Ya zana wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai cin itace kaɗan, Bulus mai walda, mutumin Filato, ya ƙera ta. Ran da aka kai ta gidan Hajiya Yagana, shugabar matan, sai ta ƙi shiga ƙofar zaure. Aka juya, aka karkata, ina! An auna komai a jami'a, ban da ƙofa.

Yaya ya ce to a girka ta a waje. Hajiya ta amsa daga bayan labule: "Malam, mu a tsakar gida muke aiki. In ta zauna a waje ta maza ce, sana'ar ma ta zama tasu."

Na yi masa dariya har da hawaye, abin da nake nadamarsa har gobe. Damina guda ya shafe yana bin gidaje har Miga da Jahun, da igiya a aljihu, ya yi sallama ya auna ƙofa. Ƙarshe shi da Bulus suka raba tukunyar gida biyu, a shiga da ita a haɗa a ciki. Ciwo bai bar shi ya ga yaɗuwarta ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce yau, da ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, yaranmu kuma ba sa son shinkafa sai ta buhun kamfani. Ina jin ba zai tsaya ƙorafi ba, tambaya zai shiga yi gida-gida.

Babu ginin da aka sa wa sunansa. Amma a unguwarmu turarar shinkafa tana nan a hannun mata, jikokin Hajiya Yagana da sana'ar suke ci da kansu. Ran da ya rasu, matan da ba su taɓa ganin fuskarsa ba ne suka cika ɗakin mahaifiyarmu, suna kuka kamar nasu ne ya tafi. Allah ya jiƙan Yaya.