Ranar da motata ta durƙusa a fadamar Zauro

Shekarun baya, biyar ke nan ko shida, na sayi wata tsohuwar akori-kura mai fo-wil, wato mai ja da tayoyi huɗu, na ɗauka na gama da wahalar fadama. Ni ma'aikacin ofis ne a Birnin Kebbi, amma kawuna da ya riƙe ni tun ina ƙarami manomin shinkafa ne a Zauro. Duk shekara idan ya kusa yanke ta rani, tun da wuri yake kama masu raƙuma su fitar masa da ita kafin ruwan farko, don da zarar sama ta zubo, hanyar fadamar ta mutu sai bayan damina.

Da na sayi motar sai na sa aka ɗaga ta, kada cikinta ya riƙa taɓa ƙasa. Ba a yi wata biyu ba tayoyin gaba suka cinye ta gefe ɗaya. Abokina bakanike, mutumin Filato da ya girma a nan har Kabancinsa ya fi nawa, ya leƙa ƙarƙashi ya ce hannuwan sama ne, wato ƙarafa biyun da ke riƙe da tayoyin gaba. Tunda motar ta ƙara tsawo, na asalin sun yi mata kaɗan, sai an sa wasu.

Iri biyu ya nuna mini a wayarsa. Ɗaya baƙi ne, ba kyan gani, mahaɗinsa a rufe cikin roba. Ɗayan ja wur, mahaɗinsa ƙwallon ƙarfe ne a buɗe, irin wanda nake gani a bidiyon masu tsere a hamada. Ni kuwa tun ina yaro abu mai ƙyalli ke tafiya da hankalina.

"Malam, wanga jan na tudu na, inda babu ruwa," in ji shi. "Kai ko laka kaka shiga. Yashi na shiga ciki shi cinye shi kamar gara. Ɗauki baƙin ka huta."

Na ce wanda ya jure hamada ai ba fadamar Zauro za ta ba shi tsoro ba. Ya taɓe baki ya ce, "To, motakka ta." Aka aiko da jan daga Legas, ya ɗaura. Tsofaffin kuwa na bar wa masu gwangwan.

Ranar da na kai ta Zauro har tsugunnawa na yi ina nuna wa kawu ƙarfen ta bayan taya, shi da bai san ko aikin me yake yi ba. Na ce bana kada ya kama raƙuma, ni zan kwashe masa kaf a yini biyu.

"Ka tabbata, ɗana? Mutanen ga in ka sake su, ba ka samunsu kuma."

Na ce ya bar komai a hannuna. A gabana ya aika musu cewa bana an gode.

Ranin nan duka ina cikin fadamar, yau taki, gobe man injin ban-ruwa, ina keta ruwa da laka yadda na ga dama. Can sai gaban motar ya fara wani kuka, ƙii-ƙii. Abokina ya ji, ya ce in kawo ya duba, na ce sai bayan girbi. Maganar Allah, gudun kada ya ce "ai na faɗa maka" ne ya hana ni.

Ranar kwasa na yi sawu biyu lafiya. A na uku, da hantsi, da kaya fal a baya, na faɗa wani ɗan ramin da ban ma ɗauke shi rami ba, sai na ji ƙas! Tayar dama ta kwanta ciki, motar ta durƙusa a tsakiyar hanya. Yashi ya ci mahaɗin har ya fice daga gidansa.

Abokina ya zo a babur, ya duba, ya kakkaɓe hannu. Irin wannan ƙarfe babu shi a Birnin Kebbi kaf, sai washegari ya ji labarin wani na gwanjo a Argungu wanda zai iya fitar da motar. Kawu ya aika wa masu raƙuma, aka ce duk an kama su. Kafin abokina ya dawo daga Argungu, hadari ya haɗo da la'asar. Muka rufe abin da tamfol zai iya rufewa, muka koma ƙarƙashin rumfa muna kallo.

Kusan buhu ashirin ruwa ya shiga ta ƙasa. Kwana huɗu aka yi ana fitar da su a ka da kan babura, kafin nan wasu har sun fara tsiro ta bakin ɗinki. Ina tsaye kawu ya farke ɗaya, ya damƙo, ya shinshina, ya zubar. Ya ce, "Ba rabonmu ta ba." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga baya na sa baƙin, yana nan har yau, ko tari bai taɓa yi ba. Na dai gane cewa kafin ka yabi ƙarfe, sai ka dubi ƙasar da zai taka, ka kuma saurari wanda ke kwanciya a ƙarƙashin motar. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ba da shinkafata na gwada son raina ba. Da ta mutumin da ya ji maganata ya yarda ne.

Kawu bai taɓa tayar da zancen ba. Kowane girbi yana kirana in zo da mota, ina kuwa zuwa. Sai dai duk sammakon da na yi, ina isa fadamar nake tarar da raƙuma sun riga ni, har an fara ɗora musu kaya. Nakan gai da masu su, in ja motata gefe, in jira abin da suka rage.