Sandar Ƙarfen Kasuwar Goronyo

Shekarar da ruwan dam ya wadata har muka yi noman rani sau biyu, gwaggona ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Ba ta faɗa wa kowa ba sai da aka kwashe albasa. Uwarta ma da ciwon ta tafi.

Ina koyarwa a Wurno a lokacin, muna katanga ɗaya da wata nas 'yar Filato. Da na gaya mata, ita ta bayyana mini cewa ciwon daji ba iri ɗaya ba ne. A babban asibiti likita kan yanki ɗan nama a duba, a san irinsa, a zaɓi maganin da ya dace. Ta ce masu bincike har sun iya karanta ƙwayoyin halittar da mutum ya gada, su gane ko ciwon na bin jini. Ta roƙe ni mu kai gwaggo Sakkwato cikin makon.

Na kai maganar ga babban ɗan gwaggo. Ya ce ai ya ji a rediyo, kuma gwajin ya zo har kasuwar Goronyo, ba sai an yanka tsohuwa ba.

Na bi su. Wani mutum ne a rumfa da kwamfuta da wata sandar ƙarfe da ake riƙewa. Sandar ta yi baƙi da maiƙo. Wani mahauci ya sake ta, hannunsa da kitse, mai rumfar ya goga ta a rigarsa ya miƙa wa gwaggo. Kafin ta gama bisimilla takarda ta fito. Na karɓa na karanta Turancin. Bayani ne a kan wata gaɓa kusa da mafitsara wadda maza kaɗai ke da ita. Na leƙa ta mahaucin, kalma ɗaya ba ta bambanta ba.

Na faɗa a gaban kowa. Mai rumfar bai ko ɗago ba, yana ta jera kwalabe cikin leda.

"Mi ka sani, malam?" in ji ɗan gwaggo. "Inna tau ce, ba taka ba."

Gwaggo ta sha kwalaben har damina ta faɗi. Ƙullutun ya fashe, ɗakin ya ɗauki warin da turare bai iya rufewa. Nas ɗin ce ke hawa mota tana zuwa wanke shi, don 'ya'yan sun daina shiga. Da muka isa Sakkwato aka yi gwajin gaskiya, likita ya ce irin da ke jin magani ne, amma ya riga ya kai ƙashi.

Ranar sadakar uku na ji ɗan nata yana gaya wa masu gaisuwa cewa ba abin da ba su yi ba, har gwajin zamani. Suna ta jinjina kai. An ajiye mini fura a gaba, na kasa sha, na ɗauki takalmana na fita.