Kawu Munji Da Hanyar Mahdiya

Kawu Munji yayan mahaifiyata ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa motar haya tsakanin garuruwa, kuma a tashar Kaf babu direban da ya kai shi nawa. Ko fasinja takwas ɗin sun cika suna ta tsaki, sai ya zagaya ya daki kowace taya da ƙafa, ya goge madubi, sannan ya shiga. Abokan aikinsa Kunkuru suke ce masa. Shi kuwa sai ya ce, "Ku faɗi abin da kuka ga dama, ni dai ban taɓa kai ɗan kowa asibiti ba."

Ɗan manomin alkama ne, a aji huɗu ya bar makaranta, amma Allah ya sa masa son tarihi. A rediyo ya tsinci wani, wani a bakin fasinja. Duk kangon da aka wuce a hanya sai ya faɗi wanda ya gina shi da wanda ya rushe shi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Matarsa, Tata Shadliya, 'yar Mahdiya ce ta bakin teku, 'yar wani masaƙin alharini. Wata rana yana saurayi ya kai 'yan biki garin, aka kawo musu kuskus da kifi. Shi mutumin dutse bai iya cin kifi ba, ƙaya ta maƙale masa a wuya, yarinyar da ta kawo masa ɓawon burodi ya haɗiya tana ta ƙunshe dariya. Bayan shekara ɗaya ya ɗauko ta ya kawo ta Kaf. Hunturun farko da ta ga ƙanƙara ta rufe tsakar gida sai ta zauna ta fashe da kuka. Tun daga lokacin ya ɗaukar mata alkawari, kowane Disamba sai ya ajiye aiki kwana uku ya kai ta garinsu. Ita ma lokacin ta fi so. Takan ce da zafi garin na baƙi ne, da sanyi yake komawa hannun masu shi.

Sai da suka shekara tara kafin Allah ya ba su ɗa, Ramzi, kuma daga shi ba su ƙara ba. Ya koyi aikin wutar lantarki, ya karɓi takardarsa, ya zauna shekara uku babu aiki. A shekarar juyin juya hali, cikin watan Maris, samari suka yi ta ɗurawa cikin jiragen kamun kifi suna tsallakawa Italiya. Wata safiya Tata ta kai wa Ramzi kofi ta tarar da gado a gyare. Bayan kwana huɗu labari ya zo cewa wani jirgi da ya tashi daga kusa da Mahdiya da mutum arba'in da wani abu bai isa ba. Ba a ga jirgin ba, ba a ga gawar kowa ba. Shekarar Ramzi ashirin da huɗu.

Daga nan aka daina ambaton Mahdiya a gidan. Tata ba ta ƙara dafa kifi ba, ko da ƙanenta Furaj ya aurar da 'yarsa ba ta je ba. Kawu ya koma hanyar Tunis kaɗai, har yanar ido ta fara rufe masa gani ya sayar da motar.

Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka. Ni ina koyarwa a firamare, kowace Lahadi nakan je in yi musu wanki in duba magungunan Tata, don likita ya ce zuciyarta ta kumbura. Wata Lahadi a ƙarshen Nuwamba muna zaune a gaban kaskon gawayi, tana shafa wa gwiwarta man zaitun, sai ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Si Munji, bana ina so in ga teku."

Kawu ya daɗe yana juya cokali a kofin shayi. Can ya ce, "Da wace motar?"

"Ga Wasila da mota. Suna da hutu a Disamba."

Na ce na yarda tun kafin ya sami wata hujja.

Abin mamaki, sai ya rungumi shirin kamar dama jira yake. Ya yage shafin kalanda ya juya bayansa, ya sa gilashinsa mai kauri, ya yi sati uku yana rubutu yana gogewa. Ya je tasha ya tambayi direbobi inda hanya ta lalace. Ya sa na buga waya na ji ranar da ake rufe gidan tarihi. Har matakalar da Tata za ta iya hawa da wadda ba za ta iya ba sai da ya ware. Ran da ya gama ya tara mu ya karanta mana. Rana ta farko kangon Maktar da babban masallacin Kairawan, a kwana can. Rana ta biyu filin wasan Rumawa na Al-Jam da gidan tarihinsa, a kwana can. Rana ta uku tsohuwar ƙofar Mahdiya, masallaci, layin masaƙa, gidan ganuwa, a juyo.

Tata ta ce, "To ina tekun?"

"Ga shi nan a ƙasa. Bayan la'asar."

"Bayan la'asar a Disamba? Ai sai dai mu gaisa da duhu. Na ce maka teku, ka haɗa ni da duwatsu. Duwatsu muka rasa a Kaf?"

"Waɗannan na Rumawa ne."

"Na bayan gidanmu fa, na aljanu ne?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. A ƙarshe Tata ta karɓi biro ta soke Maktar, ta haɗe Kairawan da Al-Jam a rana ɗaya, ta ce in nemo mana ɗaki kwana biyu a cikin tsohon garin Mahdiya. Ta kuma hana a gaya wa Furaj za mu zo. Ni a lokacin na ɗauka son tarihi ne kawai ya sa Kawu ya cika takardar da kangaye.

Muka tashi da sassafe, raɓa ta daskare a gilashin mota. Kawu yana gaba yana gyara mini tuƙi, rage gudu, ba shi hanya, wannan kwanar ta ci mutane. A Kairawan ya tsaya a tsakar masallaci yana nuna mana ginshiƙai, ya saya wa Tata makarud mai dabino duk da likita ya hana ta zaƙi. A Al-Jam ma haka, har wasu ɗalibai suka biyo mu suna saurarensa. Tata ta zauna a kan wani dutse da bargo a kafaɗa tana kallonsa kawai.

Da muka kama hanyar Mahdiya sai bakinsa ya mutu. Yayyafi ake yi, gonakin zaitun dama da hagu. A wata mararraba kafin gari ya ce, "Bi dama." Na sa sigina, sai ya riƙe mini hannu. "A'a, miƙe. Na manta ne." Mutumin da ya san kowane rami a hanyoyin ƙasar nan.

Washegari gari ya waye tas, iska mai sanyi tana kaɗawa. Ya bi da mu ta cikin doguwar ƙofar garin, ya kai mu masallaci, muka leƙa shagon da mahaifin Tata ya yi saƙa, yanzu wayoyi ake sayarwa a ciki. Duk lungun da ya ɓulle bakin ruwa sai Kawu ya sami dalilin kauce masa. Da muka isa gidan ganuwa ya ce gwiwarsa ta riƙe, ya ja kujera kusa da mai gadi, ya ba teku baya, suka shiga hirar Turkawan da suka gina gidan.

Ni da Tata muka gangara. Daga nan maƙabarta ce, fararen kaburbura sun bi gangare har bakin ruwa, hanya ta ratsa tsakaninsu ta nufi hasumiyar fitila. Kowane taku ashirin sai ta tsaya ta huta. Ta nuna mini kabarin iyayenta, muka karanta Fatiha. Sannan ta je ta tsaya a kan wani falalen dutse inda ruwa ke fallatsowa, ta daɗe. Ba ta yi kuka ba. Da za mu juya ta ce, "Ba nan ba ne, Wasila. Kawunki ya san wurin."

Ban gane ba, kuma ban tambaya ba.

Rana ta uku muna karin kumallo a masauki, burodi da man zaitun da kofi, Kawu ya zaro takardarsa ya ce saura gidan tarihin garin. Tata ta ɗora hannu a kan takardar.

"Si Munji, ka kai ni inda ka sauke shi."

Ya kalle ta, ya kalle ni.

Ta ce, "Furaj ya ga motarka a waccan ranar a gidan man da ke bakin gari, Ramzi yana kujerar gaba. A satin ya bugo mini waya."

"Tun lokacin kin sani?"

"Tun lokacin."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Jira nake ka faɗa da bakinka. Na gaji da jira, kuma ka ji abin da likita ya ce."

Ya cire gilashi ya ajiye, ya rufe fuska da tafin hannu. Na tashi zan ba su wuri, Tata ta ce in zauna, ai ni ce direba.

Muka fita kudu da gari, muka wuce ƙauye ɗaya, ya ce in sauka daga kwalta. Wata 'yar hanya ce ta cikin zaitun, duk taɓo. Bai yi kuskuren kwana ko ɗaya ba. Ta kai mu wani bakin ruwa da babu kowa, ciyawar teku ta taru tsibi-tsibi, baƙa, tana wari. Ya fito ya tsaya jikin mota, ya fara magana yana kallon ƙasa.

Ya ce Ramzi ya same shi a tasha ya gaya masa ya gama shiri, in bai kai shi ba wani zai kai shi. Kawu ya yi masa faɗa, ya roƙe shi, har marinsa ya yi. "Da na ga ba zai fasa ba na ce gara ni in kai shi, in ga jirgin da idona, in bai yi mini ba in dawo da shi ko da tsiya. Na ga jirgin, Shadliya. Na zagaya shi, na ƙwanƙwasa katakon. Mota na sani, ban san jirgi ba. Sabon fenti na gani na ce masa mai kyau ne."

Tata ta ce, "Ya ci abinci?"

"Na saya masa burodi da kifin gwangwani a Kairawan. Rabi ya ci."

"Da wace riga ya tafi? Na ga ta sanyinsa a rataye."

"Na ba shi alkyabbata ta ulu."

"Wadda ka ce an sace a tasha."

"Ita."

"Ya ambace ni?"

"Ya ce kada in gaya miki sai ya bugo waya daga can, don kada ki kasa barci."

A nan ne ta yi kukan. Ya matsa zai riƙe ta, ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Da ta share fuska ta ce, "Zo mu taka." Suka bi bakin ruwan a hankali, ita a gaba, shi a baya da taku biyu, iska tana kaɗa mayafinta. Na zauna a mota ina hangensu har suka ƙanƙance. Kusan awa ɗaya suka yi. Ban san abin da suka faɗa ba, ko ma sun yi magana.

A hanyar dawowa babu wanda ya gyara mini tuƙi. Tata ta kwanta a baya da bargo, muka iso Kaf ana kiran magariba.

Wata guda ta yi ba ta yi masa magana sai ta dole, ga abinci, ga maganinka. Daga baya ta ɗan sake, har nakan tarar tana karanta masa jarida tunda shi ba ya iya gani. Amma ban ƙara jin ta tsokane shi kamar da ba. Cikin kaka ta shekarar da ta biyo baya ta rasu a asibiti, da hantsi, ina wurin.

Furaj ya zo da mota yana so a kai ta maƙabartar iyayensu. Mahaifiyata ta ce masa a'a, Shadliya ta bar wasiyya a binne ta a Kaf. Wai Tata ta ce mata, "Mutumin da ba ya gani, wa zai riƙa kai shi Mahdiya ziyara?"

Yanzu Kawu yana gidanmu, a ɗakin da ke kusa da kicin saboda ɗumi. Shekararsa saba'in da huɗu, ido ɗaya ya tafi gaba ɗaya, ya ƙi yarda a yi masa aiki a ɗayan. Kowace Juma'a da safe yakan ɗauki sanda da gorar ruwa ya tafi maƙabarta shi kaɗai, ba ya so a raka shi. Sau ɗaya na tambaye shi ko Tata ta ce ta yafe masa. Ya ce, "Ban tambaye ta ba, 'yata. Tsoron amsar na ji." Sai ya ce in duba masa ko ruwan shayi ya tafasa.