Rigar Alhaji da Kwallar Kaka

Shekarar da ruwan madatsar Alau ya shigo garinmu Yerwa muna yara, ita ce shekarar da na fara sanin yadda ake tallata kaya ba tare da an buɗe baki ba. Har gobe idan na jefa turaren wuta a garwashi, hayaƙin farko ya taso, sai in ga tsakar gidanmu na gefen kogin Ngadda, taɓo bai gama bushewa ba, Kaka tana zaune a kan turmin da aka kife.

Kaka turare take haɗawa. Da shi take ciyar da mu, ni da ƙannena da Kawu, autanta, tun rasuwar mahaifinmu. Ruwan ya cinye mata komai: itacen sandal, hawi, kajiji, duk sun jiƙe sun yi baƙi. Kwalla ɗaya tak ta tsira, don tana kan rufin ɗaki. A cikinta akwai haɗin amare da Kaka ta daɗe da rufewa yana tsumuwa. Masu saye kuwa sun watse, kowa na ta kansa.

Kawu ya ce a kai kwallar kasuwa a sayar wa 'yan sari, a sayo gero, abin da ya ragu a yi allon talla irin na manyan shaguna, mai hoton kasko da hayaƙi.

"Ya, mutane yanzu da ido suke saye," in ji shi, don Ya yake kiran mahaifiyarsa.

Kaka ta ce, "Je ka shinshina allon, in ka ji ƙamshi ka dawo ka faɗa mini."

Abin da ta yi ya ba kowa tsoro. Akwai wani tela a unguwar Fezzan da matan masu kuɗi na GRA ke kai wa ɗinki. Ta same shi, ta roƙe shi alfarma ɗaya: duk kayan matan da ya gama ɗinkawa, ya bari ta turara su kafin a kai wa masu su. Kyauta, ba ta son ko sisi. In an tambaya, ya faɗi gidan kawai. Tela ya yi dariya ya ce, "Hajja, ke da asara kuna da dangantaka ne?" Amma ya yarda.

Haka muka fara. Da hantsi Kawu zai ɗauko ƙullin kaya a keke, ni in hura gawayi. Kaka ta zuba turare a kasko, ta kifa kabbasa, wato babban kwandon da ake rufe kasko da shi, sannan a shimfiɗa zannuwa a kai, a lulluɓe da bargo. Ba ta yarda a ɗaga da wuri. Takan ce zare sai ya sha ya ƙoshi.

Kullum ina leƙa kwallar. Kullum turaren yana yin ƙasa. A gidan kuwa kunu muke sha safe da rana, wani lokaci ba ko tsamiya. Ka san yadda yaro yake da ciki. Ni dai a idona abincinmu ne Kaka ke ƙonawa don wasu matan da ba su san da mu ba. Kawu ya daina magana, sai tsaki. Babu wadda ta zo. Har na fara ganin farin ƙasan kwallar.

Sai ga kuskure. Tela ya naɗe farar babbar rigar wani Alhaji a cikin ƙullin matarsa, Kawu kuma bai duba ba, ya shimfiɗa duka a kan kabbasa. Wanda ba ɗan Yerwa ba zai ce mene ne a ciki, ai ƙamshi ƙamshi ne. A wurinmu ba haka ba ne. Na maza daban, na ɗaki daban, na amarya kuwa ko makaho ya san shi. Alhajin nan mura ta toshe masa hanci, ya zura rigarsa ya tafi ɗaurin aure, ya zauna a sahun gaba cikin manyan mutane.

Bayan 'yan kwanaki sai ga mota a ƙofar gidanmu. Alhaji ya fito da rigar a hannu, tela na biye da shi kamar an tsoma kaza a ruwa. Ko amsa lale da Kaka ta yi masa bai yi ba.

"Hajja, kin san abin da kika jawo mini? Abokaina sai tambaya suke yaushe zan tare. Wani har guɗa ya yi mini a gaban liman!"

Tela ya ce shi kam daga yau ya janye, kada a kashe masa sana'a. Na san in tela ya janye, ga kwalla ta ƙare, mun tashi ba turare ba gero.

Kaka ta ba shi haƙuri yadda ya kamata, ta ce laifinmu ne. Sannan ta ce a ba ta rigar ta wanke.

"Wanki? Sau biyu mai wanki ya wanke ta, ya buga ta, ya shanya a rana. Shinshina ki ji! Ya ƙi fita!"

Kaka ta kai rigar hanci. Na ga gefen bakinta ya motsa.

"Alhaji," in ji ta, "don girman Allah, duk inda ka zauna ka kai ƙarata. Ka faɗa kamar yadda ka faɗa yanzu, kada ka rage komai."

Ya dube ta kamar zai ƙara faɗa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya ce, "Tsohuwar nan ba ki da dama."

Kuma ya kai ƙarar. Mutum ne mai son labari, a majalisa ya faɗa, a ofis ya faɗa. Mazan suka kai hirar gida don a yi dariya, matan kuwa abu ɗaya suka ji: an wanke sau biyu bai fita ba. Ta farko da ta yi sallama matar Alhajin ce, tana aurar da 'ya. Kaka ta nuna mata ƙasan kwalla, ta ce sai dai a jira sabon haɗi. Matar ta ce za ta jira, ta kuma biya tun kafin a haɗa. A ranar aka dafa shinkafa a gidanmu. Kawu ya ci, ya ƙara, bai sake zancen allo ba.

Yau Kaka ta daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙanta. Sana'ar tana hannuna. Talla ta koma waya. Babbar 'yata ce ke ɗaukar hoton kwalabe tana turawa, saƙonni na shigowa daga Kano da Abuja. Don in karanta su da kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, kuma ina gane su yanzu, a hankali. Wayar tana da amfani, ban raina ta ba. Sai dai har yanzu ba ta ɗaukar ƙamshi. Shi ya sa duk kayan da zan aika, nakan sa ɗan ƙyallen da na turara a ciki, in ce a bai wa maƙwabciya.

Da ruwan ya sake shigowa gari kwanan baya, ya tarar da ni a shago. Da ya janye, 'yata ta zauna tana kuka. Na ce ta tashi ta hura gawayi, akwai teloli biyu a unguwar Moduganari da muka saba gaisawa. Kwalba ɗaya ta tsira a saman kanta, kuma na san abin da ake yi da ita.

Abin da ruwan ya tafi da shi, ga shi: buhun sandal uku, kabbasa biyu, allon da na sa aka rubuta mini da sunan shagon, da kaskon Kaka. Allon ban sake yin wani ba tukuna. Kaskon ne nake nema har yau.