Kaset ɗin Baba da Tsohuwar Kwamfutata

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon haɗa bidiyon biki a Funtua, na sayi kwamfuta ta hannu. Abokina mai gyara ya zo zai ɗora mata manhajar da ke tafiyar da ita, ya ce in zaɓa, 64-bit ko 32-bit.

"Sa 64 kawai," in ji shi. "Ta fi gudu. 32 ta mutanen da ce."

Muna cikin haka wani dattijo ya yi sallama, daga wani ƙauye bayan Malumfashi. Ya kwance ƙullin tsumma ya fito da tsohon kaset na bidiyo. Wai a wani bikin kalankuwa aka ɗauka, marigayiya matarsa na ciki tana waƙa. 'Yarsu tana goye uwar ta rasu, ga shi jibi za a kai ta ɗakin miji.

"Ɗana, so nake ta ga uwarta kafin ta tafi."

Na duba zaren kaset ɗin. Duk ya yi fumfuna, gefe ya fara tsagewa. Da ƙyar in zai jure kunnawa sau biyu.

Ga matsalar: 'yar na'urar da nake kwaso hoton kaset zuwa kwamfuta tsohuwa ce, 32-bit kaɗai ta sani. Abokina ya ce zai nemo dabarar da za ta yi aiki a 64. Na ce in ta tsaya a tsakiya fa? Ya ce ai ita ma 32 ɗin tana iya sandarewa in aiki ya yi mata nauyi. Muka yi cirko-cirko, Baba na kallon bakinmu.

Na ce a sa 32. Ni da nake cika baki da son sabon yayi, ranar sai ga ni na zaɓi ta mutanen da.

Muka tayar da janareta, abokina ya ɗora 32 ɗin, na danna kaset. Hoto ya fito yana tsalle. Can sai kwamfuta ta fara nishi, 'yar kibiyar linzami da ke kan allo ta ƙi motsi. Abokina ya miƙo hannu, na riƙe shi.

"Kar ka taɓa komai!"

Sai hoton ya daidaita, ga wata doguwar mata tsakiyar fili tana rera waƙa. Baba ya miƙe tsaye.

"Ita ce," ya ce a hankali. "Wallahi ita ce."

Waƙar na ƙarewa ba da jimawa ba zaren ya tsinke. Na buɗe abin da aka kwasa, yana nan lafiya. Na zuba wa Baba a faifai ya kai wa 'yarsa.

Yanzu duk kwamfutocina 64-bit ne, suna gudu yadda nake so. Amma kafin in zaɓa wa kowa, sai na fara tambayarsa aikin da zai yi da ita. An ce amaryar ta sa an maimaita mata waƙar har sai da ta iya rera ta.